Ruwa da lokaci: yadda ake su daga rafukan Likoro har bakin teku

Likoro ba garin masunta ba ne. Duk wanda ya san ƙasar Kudan da Makarfi da Ikara ya san ƙasar noma ce, ta masara da dawa da rake da tumatir da barkono, kuma in an yi zancen ruwa a nan, injin ban-ruwa ne ke fara zuwa a rai kafin a tuna da koma. Duk da haka babu fadamar da ke riƙe ruwa zuwa tsakiyar rani da ba ta da mai kama kifi a cikinta, ko manomi ne da ya rataye birgi a ɗaki, ko yaro mai fatsa, ko baƙon masunci da ke zuwa da kaka ya tafi da bazara. Tambayar da ta cancanci a zauna a kanta ita ce: me ya sa mutum ɗaya, da birgi ɗaya, a rafi ɗaya, zai cika kwando a watan Nuwamba, amma ya komo hannu rabbana a watan Agusta, alhali a Agustan ne ruwa ya fi yawa? Amsar ita ce ginshiƙin sana'ar su ko'ina, a tudu ko a bakin teku. Kogi kamar kasuwar ƙauye yake, yana da ranar ci, wanda kuma ya je ranar da ba ta ci, komai kyan hajarsa rumfuna zai tarar.

Kada mai karatu ya ce ina ruwan mutumin Likoro da teku. Ruwan saman da ke sauka a wannan yanki gida biyu yake rabuwa. Wanda ya gangara kudu yana shiga Galma, ya wuce ta gefen Zariya, ya faɗa kogin Kaduna, ya ratsa madatsar Shiroro, ya haɗu da Kwara a ƙasar Nupe, ya tarar da Binuwai a Lokoja, daga nan ya bazu cikin ɗaruruwan rassan Neja Delta ya shiga teku. Wanda ya gangara arewa kuwa hanyar kogunan Kano da Challawa yake bi, zuwa Haɗeja, zuwa Yobe, ya nufi Tafkin Chadi, bai taɓa ganin teku ba. Saboda haka kogin da teku ke cika shi tana janyewa sau biyu a yini wutsiyar ruwanmu ne, mu muna zaune ne a kansa.

Mu fara da abin da ke ƙofar gida. Ƙasar Zariya tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba, mafi nauyinsa a Agusta. Ruwan farko da ya wanke ƙasa ya shigo rafi ja ne, ɗauke da ƙura da ciyawa da kashin dabbobi da ƙwari. Ga kifi wannan shi ne kiran da yake jira tun hunturu. Tarwaɗa ce ta fi saurin amsawa. Da dare, bayan an sheƙa ruwa mai ƙarfi, sai ta bar gurbin da ta yi rani a ciki ta hau, tana bin ruwa har cikin ciyawar da bai kai gwiwa ba, wani lokaci har kwarin kunyar gona. A nan take zubar da ƙwai, su manne a jikin ciyawa, kuma cikin kwana ɗaya zuwa biyu sun ƙyanƙyashe. Ƙarfasa nata salon daban ne: namiji ya share ɗan gurbi a ƙasan ruwa marar zurfi, mace ta kwashe ƙwan ta riƙe a baki, ba ta ci ba ta sha har 'ya'yan su iya kansu. Bargi, a manyan fadamu, sheƙa yake ginawa da ciyawa.

Wannan dare na hawan kifi shi ne mafi sauƙin kamu a duk shekara, shi ne kuma mafi tsada. Samari su fito da tocila da adda da buhu, ba a bukatar ko koma, sara kawai ake yi. Da safe in aka fede tarwaɗar sai a ga cikinta cike da ƙwai, dubbai a cikin guda ɗaya. An ci miya ta kwana biyu, an kuma cinye kifin kaka tun bai zo duniya ba. Zan dawo kan wannan, domin a ganina nan ne gizo ke saƙar.

Da marka ta kankama sai kamu ya faɗi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kifin da a da yake cunkushe a gurbi ɗaya yanzu ya watsu cikin fadama mai faɗin gonaki da yawa, ga abinci ko ta ina, ga ciyawar ɓuya. Birgi ba ya nutsewa da kyau a kan ciyawa, kalli kuwa in an shimfiɗa shi a ruwa mai gudu sai ya kwashi kara da ganye ya naɗe. Abin da ke aiki a wannan lokaci ƙanana ne: fatsa da tana a bakin ciyawa, gura da aka sa wa dusa a ciki aka danne ta a inda ruwa ya lafa, da igiyar ƙugiyoyi da ake ɗaurewa da yamma a duba da asuba. Galibin masu kama kifin wannan yanki ma suna gona a lokacin, kuma hakan alheri ne ga rafin, don watannin nan ne 'ya'yan kifi ke girma. Lokacin ne kuma ruwa ke cin mutane. Rafin da yaro ya saba tsallakewa da ƙafa yana iya cika cikin sa'a guda saboda ruwan da aka yi a wani gari can sama.

Kaka ita ce damina ta masunci. Da ruwan sama ya ɗauke, fadama ta fara tsotsewa, kifi yakan ji a jikinsa, manya su fara juyawa zuwa uwar rafi, ƙanana su biyo baya. Duk kifin da ya bazu cikin wata uku dole ya bi ta 'yan ƙofofin da ya shiga. Gwani ba ya bin kifi a wannan lokaci, ƙofa yake tarewa. Zai zaɓi inda magudanar fadama ta tsuke kafin ta faɗa rafi, ya kafa turaku, ya kitsa shinge da kara ko zana daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya bar kafa biyu ko uku, a kowace ya zaunar da gura bakinta na kallon inda ruwa ke fitowa, ya toshe ƙasan da laka don kada tarwaɗa ta haƙa ta wuce. Da asuba sai ya ɗaga gurar, ruwa na tsiyaya, ƙarfasa na fal-fal a ciki, ƙurungu na gurnani yana miƙe ƙayoyinsa. In yaro ya kai hannu da gaggawa za ka ji an ce masa, “Kai ɗan nan, riƙe shi ta bayan kai, ƙayar ƙurungu ba ta san ɗan gida ba.” A Haɗeja da Tafkin Chadi wannan dabara ta girma ta zama dumba, jerin gurar Mali ɗaruruwa da ake gicciye hanyar ruwa da su, har ta zama abin rigima tsakanin na sama da na ƙasa, domin wanda ya tare gaba ɗaya bai bar wa kowa komai ba.

Akwai wani abu da tsofaffin masunta suka daɗe da sani, wanda masana suka zo suka tabbatar da lissafi. Robin Welcomme, masanin kifi da ya yi aiki da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya tattara bayanan kogunan Afirka a littafinsa na 1979 kan kifin kogunan da ke malala, ya nuna cewa yawan kifin da ake kamawa a shekara yana bin girman ambaliyar shekarar da ta gabata ko biyun da suka gabata. Ma'ana, faɗin ƙasar da ruwa ya rufe da tsawon kwanakin da ya yi a kanta su ne ke haifar da kifi. Ruwan da manomi ke kuka ya kwanta masa a gona, shi ne gonar masunci.

Hunturu ba shi da dogon labari. Ruwa ya yi sanyi ya kuma washe, kifi ya rage ci ya koma zurfi. Mai fatsa ya sha zama. Mai birgi yakan jira rana ta ɗaga, lokacin da ƙarfasa ke fitowa gefe shan ɗumi, ya taho a hankali inuwarsa na bayansa, domin a ruwa garau kifi na ganinka, mai jar koma. Kalli kuwa na dare ne, kuma daren duhu ya fi na farin wata. Ribar wannan lokaci ita ce kifi ba ya saurin lalacewa, banda kuma tana bushewa da kyau.

Bazara ce ke rufe shekara. Rafi ya yanke ya zama gurabe, ruwan ya yi zafi, iskar shaƙa da ke cikinsa ta ragu, ƙarfasa ta riƙa tasowa sama da asuba tana haki. Tarwaɗa ba ta damu sosai ba, tana da abin shaƙar iska a bayan kanta. Gaiwa kuwa ta riga ta yi nata shiri: tana da huhu, kuma kafin laka ta bushe takan nutse ciki, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙin da ke bushewa ya zama kwanso, ta bar 'yar kafar numfashi zuwa sama, ta kwanta wata da watanni. Mai nemanta yakan bi busasshen tafki yana duba wannan 'yar kafa, ya sa fartanya ya haƙo kifi da rai daga ƙasar da ake takawa da takalmi. A bazara ne kuma aka saba yin su na gayya, gari ya sa rana, a faɗa gurbi ɗaya da koma da homa da gora. Bikin Argungu, wanda ake ƙirga farkonsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, wannan al'ada ce aka ɗaukaka. Masu kallo giwan ruwan da aka ɗora a sikeli suke gani. Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da ba a gani: an hana taɓa yankin kogin Matan Fada da ake sun a cikinsa har ranar da aka buɗe shi. Hanin ne ke tara kifin, ba yawan masu homa ba.

Kafin mu isa teku, Kwara tana da darasi. A Yawuri da ƙasar Borgu kogin yana cika sau biyu a shekara. Akwai farin ruwa, mai laka, na ruwan saman yankinmu, wanda ke kaiwa ƙololuwa wajen Satumba. Akwai kuma baƙin ruwa, garau, wanda asalinsa ruwan saman tsaunukan Gini ne, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, laka ta kwanta, sannan ya iso Nijeriya cikin hunturu, lokacin da ko ɗigo ba a yi a nan. Sarkawa, masuntan da suka gaji wannan kogi, sun tsara ƙaurarsu da kayan aikinsu bisa waɗannan cika biyu tun kafin a gama madatsar Kainji a 1968. Kogi ɗaya ke nan mai lokuta biyu a shekara. Na bakin teku ya ƙara wani a kai, na kowace rana.

Ga yadda abin yake. Wata yana jan ruwan teku, rana ma tana ja, amma jan wata ya fi ƙarfi saboda kusancinsa. A gaɓar Afirka ta Yamma teku tana cika sau biyu, ta janye sau biyu, cikin yini da dare. Tsakanin cika da cika akwai wajen sa'a 12 da minti 25, don haka kullum lokacin yana jinkirta da kusan minti 50. Wanda ya fita da cikar ƙarfe shida yau, gobe sai wajen bakwai saura. A Legas bambancin cika da janyewa bai wuce kimanin mita 1 ba, amma yana ƙaruwa in ana yin gabas, har ya kai wajen mita 3 a Kalaba. Idan teku ta cika sai ta tura ruwa cikin bakin kogi, kogin ya tsaya, sannan ya juya yana gudu sama, abin da mutumin Galma zai rantse ba ya yiwuwa. Bayan sa'a shida ya sake juyowa.

Wani abin sha'awa ga Bahaushe shi ne, kalandar wannan ruwa tana aljihunsa. Cika mafi girma da janyewa mafi nisa suna zuwa ne a tsayuwar wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, lokacin da jan wata da na rana suka haɗu a layi ɗaya. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuwa ruwan lalaci yake yi, ba ya cika sosai, ba ya janyewa sosai. Ɗan kasuwar Bogobiri a Kalaba da ke lissafin kwanan wata don azumi, ko bai sani ba, lissafin da masuncin Efik ko Ibibiyo ke yi ke nan kafin ya kwance jirgi.

Dabarun suna bin wannan juyi sau da ƙafa. Tafiya kanta da ruwa ake yinta: a fita da janyewa, a komo da cika, wanda ya saɓa kuwa ya tuƙa har kafaɗa ta gaya masa, ko ya kwana a kan taɓo yana jiran ruwa ya dawo ya ɗaga masa jirgi. Idan ruwa ya cika yakan shiga kurmin itatuwan nan da ke tsaye kan saiwoyinsu cikin laka, kifi da ƙaguwa da jatan lande su bi shi ciki kiwo. Masunci ya jira ruwa ya kai iyaka ya tsaya cik, sai ya gicciye bakin ɗan rafin da raga ko shingen gwangwala. Ruwa ya janye ta cikin ragar, kifi ya rasa hanya, a zo a tsince shi a kan laka. Masu jatan lande sukan kafa raga mai siffar buhu a tsakiyar magudana, bakinta na fuskantar ruwan da ke fita, kuma kwanakin babbar cika ne kasuwarsu, don ƙarfin gudun ruwan ne ke cusa musu kamun. Mai kalli na kafe kuwa ya fi son kwanakin lalacin ruwa, lokacin da igiya ba za ta tsinke ba, raga ba za ta kwanta ba. Mai ƙugiya yana neman sa'ar da ruwa ya fara motsi bayan tsayawa, domin a lokacin ne manyan kifaye masu farauta ke tsayawa a bakin magudana suna jiran abin da ruwa zai kawo. Ana buɗe taɓo kuma mata su shiga tsintar dodon koɗi da ƙaguwa, ido na kan ruwa, don dawowarsa ba ta sallama.

Mai karatu zai lura cewa tare bakin rafi a lokacin janyewar teku da tare bakin fadama da kaka abu ɗaya ne. Abin da damina da kaka ke yi cikin wata shida, teku tana yinsa cikin sa'a sha biyu. Ko da yake an ce kifin fadama ba ya gasa da na gulbi, hankalin da ke kama su ɗaya ne.

Sai dai bakin teku ma yana da damina da rani, kuma a can gishiri ne ke raba su. Da damina, musamman Satumba da Oktoba lokacin da cikar Kwara ta isa Delta, ruwan daɗi yakan rinjayi na teku ya kora gishiri waje. Kifayen ruwan daɗi su gangaro, manyan jatan landen kogi su yawaita a gura, teku kuma ta yi haushi a tsakiyar damina har ƙananan jirage su rage fita. Da rani kogi ya yi rauni, gishiri ya hauro, kifin teku ya biyo shi. Lokacin bonga ke nan, kifin nan mai yawan ƙaya da ke tafiya garke-garke, wanda ake zagaye shi da raga a bugi ruwa ya firgita ya faɗa ciki. Daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu ake samunsa da yawa a bakin Kuros Riba da rassan Delta, a banda shi, kuma shi ne wani ɓangare na busasshen kifin da ke isowa kasuwar Sabon Garin Zariya tare da buhunan jatan lande. A kogin Gambiya abin ya fi fitowa fili, domin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce: motsin teku yana kaiwa fiye da kilomita 400 cikin ƙasa, gishiri kuma yana haurawa kusan kilomita 250 a ƙarshen rani, damina ta sake kora shi ƙasa. Masunci a can yana ƙaura ne yana bin iyakar gishiri.

Ko ciyawa tana bin wannan doka. Kainuwar nan mai shuɗin fure da ta shigo ruwan Legas ta wajen Badagiri a 1984 takan toshe hanyoyin jirage bayan damina, amma da gishiri ya hauro da rani sai ta mutu ta nutse. Mu a arewa ba mu da gishirin da zai yi mana wannan aiki. Kacalla da ta cinye hanyoyin ruwan Haɗeja da Nguru ta samu gindin zama ne bayan madatsun Tiga, ta 1974, da Challawa, ta 1992, sun mayar da kogin da ke cika ya bushe ya zama mai ɗan ruwa duk shekara. Bushewar da a da ke kashe ta ta daina zuwa.

A nan ne bambanci na gaskiya yake tsakanin ruwan biyu. Cikar teku da janyewarta babu gwamnatin da ta isa ta taɓa su. Mutanen Delta suna da nasu bala'in, na malalar man fetur da ke kashe kurmin da kifi ke haihuwa a ciki, kamar yadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni ya nuna a 2011, amma ruwan zai ci gaba da zuwa a kan lokacinsa. Namu lokacin kuwa a hannun mutum yake, kuma mun taɓa shi ta kowane gefe. Madatsun da aka yi a kan Galma da Kubanni a shekarun 1970 don ruwan sha sun samar da tafkunan da ake su duk shekara, wannan gaskiya ne, amma sun yanke wa kifi hanyar hawa. Injinan ban-ruwa, waɗanda su ne arzikin noman rani a Likoro da Hunkuyi da Makarfi, suna zuƙe gurbin da iyayen kifi za su yi bazara a ciki har sai an ga laka. Ba na cewa a bar tumatir ya bushe saboda tarwaɗa, ai ba mai hankalin da zai faɗi haka. Amma gurbi ɗaya mai zurfi da aka yafe a kowane rafi ba zai talauta kowa ba, kuma daga shi ne rafin gaba ɗaya zai sake cika da kifi.

Sai guba. Kakanninmu ma sun yi amfani da magimfa, suna daka ganyenta su zuba a gurbi kifi ya bugu ya taso. Ba abin yabo ba ne, amma ƙarfinta yana gushewa da wuri. Gamalin, maganin ƙwarin da aka yi don gonakin koko, wani abu ne daban: yana kashe babba da ƙarami da ƙwai da kwaɗi, ya daɗe a laka, ya kuma bi kifin zuwa cikin wanda ya ci. An sa sinadarinsa cikin jerin waɗanda duniya ta amince a daina a 2009, sai dai magungunan feshi da suka maye gurbinsa a shagunan kayan gona su ma ana juye su a ruwa, wasu da gangan, wasu wajen wanke tankin feshi a bakin rafi. Ga kuma gidan sauro, wanda aka raba don kare yara daga zazzaɓi, ya koma taru yana tace 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba.

Doka ba ta rasa ba. Dokar kamun kifin ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta kuma sa milimita 76, wato inci uku, a matsayin mafi ƙanƙantar idon raga, ban da ragar 'yan ƙananan kifaye irin warangi. Amma jami'in kifi nawa ne zai kwana a bakin rafin ƙauye a daren ruwan farko? Abin da ya taɓa yin aiki a ƙasar nan shi ne abin da aka gwada a tafkin Kainji a shekarun 1990, ƙarƙashin wani shiri na haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus, inda aka hana jan dala, babbar ragar da ke share komai, ta hanyar sarakunan gargajiya da sarakunan ruwa da su masuntan kansu. Inda masu unguwa suka tsaya, hanin ya kama. Da aka saki, masu dala suka fara komowa.

Hukuncina shi ne, a ƙananan rafuka irin na Likoro, maganar girman idon raga ta biyo bayan maganar lokaci. Kifin waɗannan ruwaye, tarwaɗa da ƙarfasa, masu saurin haihuwa ne da saurin girma, suna jure kamu mai yawa da kaka da rani in dai an bar su sun hayayyafa. Abu biyu ne ba sa jurewa: a kashe iyaye a daren hawa, da a ƙafar da gurbin bazara. Duka biyun kuma ba sa bukatar kasafin kuɗi daga Kaduna. Dagaci da masu unguwanni da limamai da shugabannin manoman rani sun isa su zauna kafin ruwan farko su sa doka: daga faɗuwar damina zuwa ƙarshen Yuli ba sara, ba taru, ba tare hanya, sai fatsa, gurbi kaza ba a sa masa inji in ya kai alama kaza, wanda ya tare bakin fadama da kaka ya bar kafa ɗaya a buɗe, wanda aka kama da guba a kai shi gaban hukuma ko ɗan wane ne. Masu unguwannin da rafi ya ratsa ƙasarsu, a kira wannan zama tun cikin Afrilu, kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas.